Fanshon Baba yana shiga, amma Baba yana kwance babu magani

'Yar'uwa na karanta saƙonki, wallahi raina ya ɓaci. Kin ce tun da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki yake hannun yayanki, katin ATM ɗin da fanshonsa ke shiga yana aljihun yayan, amma kin je kin tarar da shi a ɗakin soro ya rame, katifa sai zarni, maganin hawan jininsa ya ƙare ba a sayo ba, ga gyambo a ƙugu. Za a ce miki ai tsufa ne, kar ki yarda. Irin wannan gyambon yana fitowa ne idan an bar mutum kwance a gefe ɗaya ba a juya shi. Sannan abin da kika ce, wai Baba na cikin magana da yayan ya shigo sai ya yi tsit ya sunkuyar da kai, wannan ya fi komai tayar min da hankali, tsoro ne.

Ki fara kai shi asibiti, likita ya duba ya rubuta rahoto, ki ɗauki hoton gyambon da ɗakin ki adana. In bakinsa na fita, ku je banki shi da kansa ya sa a toshe katin, a ciro takardar shige da ficen kuɗin.

A shari'ar Musulunci ciyar da iyayen da ba su da hali wajibi ne a kan ɗan da ke da hali, to balle Baba da kuɗinsa ne ma ake ci, kina iya zuwa kotun shari'a alƙali ya sa yayan ya kawo lissafi. Cinye kuɗin da aka ba mutum riƙo kuma cin amana ne, sashe na 312 na kundin Penal Code, wato dokar hukunta laifuka ta Arewa, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7. Akwai dokar VAPP ta 2015, wato dokar hana cin zarafin mutane, sashe na 16 ya ce wanda ya yi watsi da wanda ke ƙarƙashin kulawarsa babu abin rayuwa zai iya shan ɗaurin shekara 3 ko tarar naira 500,000, sai dai wannan ta Abuja ce, jihohi irin su Kaduna sun yi tasu, sai a duba ta jiharku.

Maganar takardar gida da kika ce an sa Baba ya dangwala hannu, in a lokacin hankalinsa bai cika ba ko tilasta shi aka yi, kotu na iya rushe ta, shi ya sa rahoton likitan nan yake da muhimmanci sosai.

Na san dangi za su ce ki rufa asiri. To ki kira kawunnanku da limamin unguwa a zauna, amma a sa rana, kuma kafin nan Baba ya dawo hannunki ko na wani amintacce. In yayan ya ƙi, ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da na Legal Aid, masu ba marasa hali lauya kyauta, suna babban birnin jiharku, ba sa karɓar kuɗin ƙorafi, ki tafi da hotunan da rahoton likitan.