Ɗana soja ne, ya sa hannu a gwajin allura: zai iya janyewa?

Tambaya: Likita, ɗana ƙaramin soja ne a nan Kaduna. An tara su an ce ana neman masu ba da kansu don gwajin wata sabuwar allurar rigakafi, har ya sa hannu. Na ce ya janye, ya ce soja ba ya cewa a'a, wai tun ranar da ya sa kaki jikinsa ya zama na gwamnati. Barci ya ƙaurace mini. Daga wata uwa a Kawo.

Amsa: Mama, Allah ya kwantar miki da hankali. Zai iya janyewa, ko yau, ba sai ya faɗi dalili ba. Sa hannun nan ba ɗaurin talala ba ne.

Amma maganar "jikina na gwamnati ne" ita ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kullum sai na ji ta, daga bakin kurata, daga bakin tsofaffin sojoji masu ba yara shawara a majalisa, kamar aya ce. Wa ya rubuta ta? A wace doka? Ana iya umartar soja ya tafi fagen fama, ana iya wajabta masa rigakafin da aka riga aka tabbatar da ingancinsa. Gwaji kuwa daban ne: ba a san ƙarshen abin ba tukuna, shi ya sa sai da yardar mutum. Ƙa'idar Nuremberg ta 1947, wadda ta tsara yadda ake gwaji a kan ɗan Adam, da wannan ta fara, ta kuma haramta tilas da yaudara. Kundin ɗa'ar binciken lafiya na Najeriya na 2007 bai cire mai kaki ba.

Ga abin da gwaji ba tare da cikakkiyar yarda ba ya taɓa jawowa. A 1953, a Porton Down, cibiyar binciken soja ta Ingila, an ɗiga wa Ronald Maddison, sojan sama ɗan shekara 20, gubar sarin a hannu, ya rasu a ranar. Sai 2004 aka yanke cewa kisa ne ba bisa ƙa'ida ba, bayan shekara 51. Mu ma ba mu manta da Kano a 1996 ba, lokacin sanƙarau, da aka yi gwajin maganin Trovan da ya haɗa da yara kusan 200, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba.

Ban ce gwajin ɗanki mugu ne ba, Mama. Da irinsa aka samu magungunan da muke sha. Abin da nake tsoro shi ne yardar da aka karɓa a layi, oga na tsaye yana kallo. Wane kurtu ne zai ɗaga hannu ya ce bai so?

Ki ce masa ya karɓo kwafin takardar da ya sa wa hannu, haƙƙinsa ne. Ya duba wane kwamitin ɗa'a ya amince da binciken, wace illa ake tsammani, wa zai biya magani idan ya kwanta. In bai gane Turancin ba, a yi masa bayani da Hausa, shi da likitan binciken su biyu, ba a gaban mai ba shi umarni ba.