Tambaya da Amsa: Me ɗana zai je ƙirgawa a kan dutse?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana aji uku a jami'a, yana karatun gandun daji. An ce za a kai su wasu duwatsu can nesa da gari su yi mako uku, wai su ƙirga itatuwa, su auna ƙasa. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Itacen da Allah ya tsirar, me ƙirge zai ƙara masa? Ga kuma halin da dazukanmu suke ciki. In bar shi ya tafi?
Wata uwa daga Zuru, Jihar Kebbi

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Zan fara da abin da ya hana ki barci. Duk wanda yake Kebbi a watan Yunin 2021, lokacin da aka kwashe ɗalibai daga makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri, ba zai ga laifinki ba. Ni kaina da na tsufa a aikin daji, yau ko da kuɗi ba zan tura ɗan kowa Dajin Kuyambana da ke Zamfara ba. Don haka ki sa mahaifinsa ko kawunsa ya je ya ga malamin da zai jagorance su. A faɗa muku sunan dutsen da ƙauyen da za su sauka. A ji ko hakimi da mai gari sun san da zuwansu, ko waya tana shiga wurin, kuma ko cikin gari za su riƙa kwana, su sauko tun kafin la'asar. In aka yi ta kewaye-kewaye ba amsa, ki riƙe ɗanki. In amsa ta gamsar, ki sa masa albarka ya tafi, domin aikin yana da amfanin da ya zo har gonarki.

Ga abin da za su yi. Za su yanki ɗan fili a jikin dutsen, kamar mita 20 kowane gefe, su kafa turaku a kusurwoyi. Kowane itace da ke ciki a maƙala masa lamba, a rubuta sunansa, a auna kaurinsa daidai ƙirjin mutum, wato mita 1.3 daga ƙasa. Sai a ƙirga kututtura, a ƙirga 'yan tsirrai, a duba itacen hanon da masu magani suka saɓe wa ɓawo, a auna faɗin bakin kwazazzabo. Ranar farko wannan ba ya gaya wa kowa komai. Amfaninsa sai baɗi, idan ajin da ke bin bayansu ya koma turakun nan ya sake awo. A nan ake ganin ko dutsen yana warkewa ko yana mutuwa.

Ku mutanen Zuru kun fi ni sanin dutse. Idan yana da itace da ciyawa, ruwan sama a hankali yake nutsewa, rijiyar gindinsa ta kai bazara. Idan aka yi masa ƙwal, ruwan da gudu zai gangaro, ya kwashe ƙasar noma, ya bar tsakuwa. Ki dubi madobiya. An yi ta sare ta a ƙasar nan ana loda wa manyan motoci zuwa tashar jiragen ruwa, a kai Sin a yi kujeru, har sai da aka sa ta cikin itatuwan da duniya ta taƙaita cinikinsu a 2017. Da akwai masu ƙirge a kowane daji, da an yi ihu da wuri.

Batun gyara kuwa, a jikina na koye shi. Ina sabon ma'aikaci muka hau wani tsauni da dashen itacen turare da dogon yaro, damina ta riga ta yi nisa. Aka yi taro, aka ɗauki hoto, kowa ya watse. Da na koma da bazara, abin da ya rayu bai kai yatsun hannuna ba; awaki da rana sun gama da sauran. Har yau abin yana min ciwo. Wani dattijo mai gona a gindin tsaunin ya ja ni ya nuna min kututturen marke da ya yi toho bakwai. Ya ce, "Yaro, wannan saiwarsa ta girme ka. Ka rage masa toho, ka bar biyu masu ƙarfi, ka hana akuya, ba ya neman ruwanka." Daga baya na gane dabarar nan ce manoman Maraɗi suka kama tun wajen 1983, tare da wani Bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, har itatuwa suka dawo a fili kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. A haɗa ta da jera duwatsu a gicciye a jikin gangare don su tare ruwa da laka, sai ki ga ciyawa ta fito inda aka fid da rai. Irin wannan awo da gyara ɗalibai ke koyo a dajin Ngel Nyaki da ke tsaunin Mambila, kuma babu dalilin da zai sa duwatsunmu su rasa nasu masu kula.

Ki gaya masa in ya je, ya rage surutu gaban dattawan ƙauyen, ya tambaye su sunan kowane itace da Hausa da Dakarci, da waɗanda suke gani da ƙuruciya yanzu babu su. Ki saya masa takalmi mai rufe idon sawu saboda kububuwa, da gidan sauro, da gorar ruwa babba. Ki haɗa masa ƙuli-ƙuli da garin rogo. Rubutun kuma da fensir zai yi, don ruwa yana wanke biro. In ya dawo lafiya, ki rubuto min in ji abin da ya samu a kan dutsen.