Goran da za a fafe kafin tafiya Niyok

Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto: "Malam, ina shirin zuwa birnin Niyok na Amurka wajen yayana cikin watan Janairu. Da na gaya wa mahaifiyata cewa sai lokaci ya matso zan fara shiri, sai ta ce mini ba a fafe gora ranar tafiya. Mene ne fafe? Sannan an ce a can dole in ba mai kawo abinci tukwici. Haka ake cewa?"

Malam, Hajiya ta yi maka magana irin ta manya, kuma kalmar da ta ɗaure maka kai ita ce ƙashin bayan karin maganar. Gora ɗan duma ne, mai ciki da siririn wuya, wanda matafiyan zamanin da suke zuba wa ruwa ko fura su rataya. Amma ba daga tsinko shi ake zuba masa ruwa ba. Sai an bar shi ya bushe, a yanke bakinsa, a ƙwaƙule 'ya'yan da ɓargon da ke ciki, a jiƙa shi a yi ta zubar da ruwan har ɗacin duma ya fita. Wannan yankewa da ƙwaƙulewa ita ce fafewa, da haka ake fafe ƙwarya da ludayi. Aiki ne na kwanaki. Wanda ya bari sai da safen tafiya, ko dai ya tafi ba ruwa, ko ya sha mai ɗaci. Abin sha'awa, duman ya ja baya amma sunan ya zauna: yau ruwan roba ma "ruwan gora" muke ce masa.

To, kai goranka na farko biza ce. Sai ka cike takardar nema ta intanet, ka biya kuɗi, ka jira ranar ganawa a ofishin jakadancin Amurka da ke Abuja ko ƙaramin ofishinsu na Legas, kuma sai ranar da suke da gurbi za ka samu. Gora na biyu tufafi: a Janairu sanyin Niyok kan kai ruwa ya daskare, dusar ƙanƙara na zuba, hunturun Zariya wasan yara ne a kansa. Akwai kuma guzuri, wato abin da matafiyi ke ɗauka na ci a hanya, saɓanin tsaraba da ake kai wa waɗanda za a tarar. A nan zan ja kunnenka, domin Bahaushe da ya ji tsaraba kilishi da dambun nama ke faɗo masa a rai. Jami'an kwastan na Amurka ba sa barin a shiga da irin wannan nama, kuma duk abincin da ke jakarka wajibi ne ka bayyana shi.

Game da tukwici, an yi aron kalmar ne, amma ba ta zauna daram ba. A gida, tukwici shi ne ɗan abin da kake ba wanda aka aiko ya kawo maka kyauta, ko wanda ya zo maka da albishir. Kyauta ce ke jawo shi, ba ciniki ba. Abin da ake bayarwa a gidajen cin abinci na Amurka kuwa, kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin abinci, ma'aikatan sun dogara da shi a matsayin wani ɓangare na abin da suke samu. Ni a ganina ya fi kusa da ladan hidima. Sai dai bakin mutane ya riga ya kama tukwici, ni kuma ba na jayayya da bakin mutane.

Bari in ƙara maka wata da ba ka tambaya ba, tunda kana da ɗan'uwa a can: da ɗan gari kan ci gari. Mutane da yawa na ɗauka "ci" ɗin nan na jin daɗi ne. A'a, cin yaƙi ne. Gari mai ganuwa ba ya ciwuwa sai da na ciki, wanda ya san ƙofar da ba tsaro. Niyok ba ta da ganuwa, amma gari ne na mutum fiye da miliyan 8, mai gundumomi 5, da jirgin ƙarƙashin ƙasa da ya fara aiki tun 1904, yana kai da kawowa dare da rana. Wani jirgin yana tsayawa a kowace tasha, wani kuma sai ya tsallake da yawa, kuma sau da yawa a tasha ɗaya ake hawansu. Yayanka ne zai nuna maka bambancin. Shi ne kuma zai kai ka titi na 116 a Harlem, inda 'yan Afirka ta Yamma ke kasuwanci, ko Bronx, inda za ka ji Hausar 'yan zangon Gana a bakin masallaci. A can sai ka saurara da kyau ka rubuto mini kalmomin da ka ji, don ina tara su.