Batun Sauya Windows 10 Zuwa Windows 11

Malam, ka tambaya ko ya dace ka sauya Windows 10 da ke kan kwamfutar shagonka zuwa Windows 11. Shawarata ita ce ka sauya, matuƙar na'urar za ta ɗauka, domin tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro da ya saba aikowa, kuma kwamfutar da masu zuwa buga takardu suke soka wa filashi tun safe har magariba ita ta fi buƙatar wannan kariya.

Sai dai yawancin kwamfutoci na hannu da muke saya a nan Sakkwato sun kwana biyu, alhali Windows 11 tana buƙatar TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta) da firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) zubi na 8 zuwa sama, idan ta Intel ce. Manhajar PC Health Check za ta nuna maka matsayin taka. Idan ta cancanta, ka fara kwashe fayilolinka, sannan ka tanadi janareto, domin ranar da na sauya tawa ana tsaka da aikin aka ɗauke wuta, batir kuwa zafin bazara ya riga ya cinye shi, sai da na wuni a wurin mai gyara.