Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Barci Mai Nauyi da Shirun Ƙwaƙwalwa

Tambaya: Likita, ni ɗalibi ne a unguwar Zariya, nan Maradi, ina shirin jarrabawar BAC. Nakan raba dare ina karatu a fada muna shan shayi, amma da gari ya waye sai in tarar rabin abin da na haddace ya gudu. Me ke damuna?

Amsa: Ɗana, babu ciwon da ke damunka, barci ne kake cin bashinsa. Idan mutum ya shiga barci mai nauyi, ƙwayoyin jijiyar da ke ɓawon ƙwaƙwalwa sukan yi tsit gaba ɗaya na ɗan abin da bai kai daƙiƙa ba, sannan su farka tare, kuma wannan shiru da motsi yana ratsa ƙwaƙwalwa daga goshi zuwa ƙeya kusan sau ɗaya a kowace daƙiƙa. Mircea Steriade da abokan aikinsa a Kanada ne suka fayyace wannan shiru da motsi a 1993.

Duk abin da ka koya da rana yana ƙarfafa mahaɗun da ke tsakanin waɗannan ƙwayoyi, amma ƙarfafawar ba za ta ci gaba babu iyaka ba. A 2003 Giulio Tononi da Chiara Cirelli na Jami'ar Wiskonsin a Amurka suka kawo ra'ayin cewa barci mai nauyi yana sassauta mahaɗun da ba su da muhimmanci, ya bar masu ƙarfi, kamar yadda manomi ke rage tsiron gero a rami domin wanda ya bari ya yi ƙwari. Binciken da suka yi a kan ɓeraye a 2017 ya nuna girman mahaɗu ya ragu da kusan kashi 18 cikin ɗari bayan barci, alhali mafi girma daga cikinsu ba su taɓu ba.

Mafi yawan wannan barci a farkon dare yake zuwa, kuma kafeyin da ke cikin shayi da goro yana rage nauyinsa, don bayan awa 5 kusan rabinsa na nan a jini. Ka tsayar da shayi daga la'asar, ka yi karatu bayan isha'i, ka kwanta kafin ƙarfe 11, ka yi bita bayan asuba.

Tambaya: Ni matar aure ce daga Tibiri. Wani lokaci nakan ga haske yana walƙiya a gefen idona, yana faɗaɗa a hankali, daga baya sai ciwon ɓarin kai ya kama ni. Wasu sun ce iska ce.

Amsa: Hajiya, ba iska ba ce. Wani irin shiru ne dabam da na barci: ƙwayoyin jijiya sukan zabura a wuri ɗaya sannan su yi laƙwas na mintoci, abin yana tafiya kimanin milimita 3 a minti. Wani masani ɗan Burazil, Aristides Leão, ya fara ganinsa a ƙwaƙwalwar zomo a 1944. Idan ya bi ta ƙeya, inda sashen gani yake, shi ne hasken da kike gani, kuma yakan ɗauki minti 5 zuwa 60. Rashin barci da tsallake abinci suna tayar da shi.

Abu biyu nake roƙon ki riƙe. Idan kina shan ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin, ki gaya wa ungozoma wannan alama domin a sauya miki, saboda haɗuwarsu tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Idan kuma alamar ta wuce awa guda, ko hannu ya mutu, ko harshe ya karye, a kai ki asibiti nan take.

Tambaya: Mahaifina ya haura shekara 70, ƙaramin motsi ke tayar da shi. Mu sayo masa maganin barci?

Amsa: Malam, kada ku saya. Barci mai nauyi yana raguwa da shekaru, kuma magunguna irin su diyazefam suna ƙara rage shi, ga jiri da faɗuwa da suke jawo wa tsofaffi. Ku taƙaita masa barcin rana, ya riƙa fita hantsi, a rage masa goron yamma. In yawan fitsari ko munshari mai yankewar numfashi ke tayar da shi, ku kawo shi a duba.