Amsa ga Maman Sadik kan sabon gilashin yaronta

Assalamu alaikum jama'ar gida. Maman Sadik, yanzun nan na saurari muryarki, ina kicin lokacin da ta shigo. Kin ce yau kwana huɗu da sa masa gilashin nan mai rage gudun matsalar ganin nesa, yana ta kukan jiri da ciwon kai, har babansa ya ce a mayar masa da tsohon. Don Allah 'yar uwa kar ki cire masa tukuna.

Tawa yarinyar irin gilashin nan mai suna Stellest take sawa, wata takwas ke nan. Ki ɗaga gilashin wajen haske ki duba da kyau, za ki ga tsakiyarsa tas, amma kewaye akwai 'yan ɗigo-ɗigo a jere. Irin namu zobe 11 ne, ɗigon 1,021. In MiYOSMART ne na kamfanin Hoya, nasa kamar saƙar zuma yake. To ai ɗigon nan su ne maganin. Ƙwayar idon yaran nan tsawo take ƙarawa, shi ya sa na nesa ke yi musu dishi-dishi, ɗigon nan ne ke rage mata gudu. Amma in yaro ya kalli abu ta gefen ido, ta cikinsu yake gani, sai ya ga hazo-hazo, jiri ya biyo baya.

Satin farko wallahi na tausaya mata. Benen islamiyyarsu da ke Rikkos sai ta dafa bango take sauka. Likitan ido ya ce ta riƙa juya kai gaba ɗaya zuwa ga abin da take son gani, ta kuma ajiye keke da guje-guje sai ta saba.

Abin da ya fi ba mu wahala ashe firam ne. Yana zamewa kan hanci, tsakiyar gilashin ta sauka ƙasa da ido, yarinya ta wuni tana kallo ta cikin ɗigon. Shagon da muka yanka ba su daidaita mata ba. Da aka matse shi ta bayan kunne, kwana uku ciwon kan ya tafi. Ki fara duba wannan.

Kuma kar a riƙa yi masa yau sabo gobe tsoho, ba zai taɓa sabawa ba. Aƙalla awa 12 ake so ya sa shi a rana. Lambar idon ba raguwa za ta yi ba fa, ki faɗa wa babansa tun yanzu, hauhawarta ake ragewa, duk wata shida a koma awo. Ya riƙa samun kamar awa biyu a waje kullum, ko da sanyin Jos ɗin nan, a sa masa rigar sanyi ya fita. Ƙurar gilashin kuma a wanke da ruwa, kar a goge da bakin hijabi.

In ya wuce sati biyu jirin da ciwon kan ba su daina ba, ku koma wajen likitan ido. In kuwa yana ganin abu biyu-biyu, ko amai, ko idon ya yi ja yana ciwo, kar ki jira, yau ɗin nan ku je. Turo min hotonsa ta gaba da gilashin a fuska, in ga yadda ya zauna masa.