Katunan Kano ta dā da hotunan adakar Malam

Ɗana, assalamu alaikum.

Saƙonka ya iso tare da hotunan. Ƙanwarka ce ta riƙa buɗe mini su a waya tana ƙara musu girma, don idon ya fara gajiya. Ka ce kana tara tsofaffin katunan gidan waya masu hoton Kano, kana so ka haɗa su da hotunan da aka samu a adakar kakanka marigayi Malam ka zuba a Facebook, kana tambaya ko al'ada ta yarda. Ka kuma tambaya me ya sa kantunan Turawa ga su nan birjik a hoto, amma rumfar kakanka ta Kurmi ko sau ɗaya ba a ɗauke ta ba.

Katunan ka zuba abinka, ba wanda zai ce maka don me. Na adaka kuwa ka dakata tukuna, domin kasancewarsu a hannunka bai mai da su naka ba.

Waɗannan katuna ba don mu aka yi su ba. Baƙo ne ya ɗauka, yawanci a Turai aka buga, Bature ma'aikacin gwamnati ko na kamfani ya saya ya manna kan sarki ya aika wa 'yan'uwansa Ingila, su ga inda aiki ya kai shi. Saboda haka abin da ya burge baƙo shi ne a ciki: ganuwa, ƙofar gari, marinar Ƙofar Mata, raƙuma, hawan sarki, dalar gyaɗa, sai kuma kantunansu. Ka lura da rubutun da ke ƙasan kowane kati. Za a ambaci sunan gini ko na titi, amma mutanen da suka cika hoton ba mai suna a cikinsu, “'yan ƙasa” kawai ake ce musu. Dattijon nan da ka nuna mini zaune gaban tulin ƙwarya, a zamaninsa duk layin sun san shi, sun san ubansa, sun san wanda yake bi bashi da wanda ke binsa. Mai hoton bai tambaya ba, ya danna ya wuce.

Kantunan da kake gani jirgin ƙasa ne ya kawo su. Dogo ya iso Kano a 1911, a shekarar da ta biyo cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanoni suka yi ta gina kantuna da sito a wajen ganuwa kusa da tasha: John Holt, G.B. Ollivant, PZ, CFAO ta Faransawa, da Kamfanin Neja wanda ya shiga cikin UAC a 1929. Gaba kanti, baya sito da sikeli. Da kaka su sayi gyaɗa da fata da ƙiraga, su sayar da atamfa, akoko, gishiri, kananzir, fitilar ƙwai, keke. Kwarori, wato 'yan Labanan da Siriya, suka zauna a Fagge, kanti a ƙasa iyali a bene, nan ne Kantin Kwari. Su Kingsway da Leventis sai daga baya, kuma a yarintarmu talaka ba ya shigarsu sai dai ya leƙa ta gilashi. Wurin Turawa ne da manyan ma'aikata, komai da kuɗinsa a rubuce, ba tayi ba ragi. Ni ban taɓa jin daɗin irin wannan ciniki ba har yau. Mutum ya ba da kuɗi, a miƙo masa kaya, ba gaisuwa ba gyara.

Dalar gyaɗar ma, da kuke ɗauka ado ce, jira ne ya haife ta. Gyaɗa ta fi ƙarfin taragon da ke kwashe ta zuwa Legas, sai a jera buhuna a fili har su yi tsini, a rufe da tamfal saboda ruwa. Leburori ke hawa da buhu a ka, a kan buhunan da 'yan'uwansu suka riga suka jera. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, shi ne babban mai saye a cikin 'yan ƙasa. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975, ga kuɗin man fetur da suka ɗauke hankalin gwamnati, su suka share dalar. Dokar mayar da kasuwanci hannun 'yan ƙasa ta 1972 kuma ta fitar da baƙi daga ƙananan cinikayya, Kwarori da yawa suka koma masana'antu a Bompai da Sharaɗa, yaransu na dā suka gaji kantunan. Sunaye ne suka rage: har gobe ana cewa a sauke ni a Bata, ana zuwa Singa sayen kayan masarufi, ana sayen waya a Titin Beirut.

Tunda za ka rubuta bayani ƙarƙashinsu, kada ka yi shaci-faɗi a kan shekara, hoton da kansa yakan faɗa. In motoci na bin hagu, kafin Afrilun 1972 ne. In ka ga farashi da fam da sule da kwabo irin na dā, kafin naira ne, wato kafin Janairun 1973. Babban masallacin Juma'a na cikin gari mai hasumiya biyu a 1951 aka buɗe shi, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Ka juya bayan katin kuma: in kan Sarauniya Elizabeth ne a jiki, ba a aika shi kafin 1953 ba.

To, rumfar Malam. Me mai hoto zai ɗauka? Ɗaki ne na ƙasa da bai fi mutum biyu su zauna ba, buzu a shimfiɗe, rawuna da turamen yadi a jere har rufi, buta a gefe. Babu allon suna. A Kurmi, kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ba a rataya suna a ƙofa. Mai rumfa shi ne allon. Baƙo daga Damagaram ko Agadas ya sauka gidan fatomansa, fatoma ya haɗa shi da dillali, dillali ya kawo shi. A gaisa tukuna, a tambayi hanya da iyali, sannan a warware yadi. Mai saye ya taya, Malam ya ce albarka, a ƙara, ya ce albarka, har a kai inda zai ce na sallama, dillali ya karɓi la'adarsa. Kayan nan da yawa bashi ne daga wani Kwara, wanda shi ma bashi ya karɓo daga kamfani, kuma tsakanin Malam da shi babu takarda sai magana. In an kira azahar, tabarma yake jinginawa a bakin rumfa ya tafi masallaci, maƙwabci na gani. Yaron da ya yi masa hidima shekaru, ranar da ya isa sai ya yaye shi da jari, ya nema masa rumfa, sau da yawa har da aure. Wannan duka ba ya fitowa a hoto.

Ga shi kuma Malam ba ya son hoto. Yawancin sa'o'insa haka suke. Sun tashi suna jin hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da sura, malamai kuma sun daɗe suna saɓani a kan ko hoton kyamara ya shiga ciki. Wasu kuma tsoron sammu suke, kada surarsu ta faɗa hannun magauta. Ban da wannan akwai kunya: dattijo ya tsaya ƙiƙam wani yaro yana ce masa ɗaga kai, karkato nan, wannan zubar da girma ne a wurinsu. Ƙaramin hoton nan da ka gani, wanda ya ɗaure fuska, na fasfo ne, aikin Hajji ya tilasta. A Sabon Gari aka ɗauka, wurin masu hoton da ke cusa kai cikin baƙin ƙyalle. Ba fushi yake ba, lokacin ba a murmushi a hoto.

Shi wannan na fasfo, in babanka da sauran baffanninka sun yarda, ni na yarda. Ka rubuta cikakken sunansa da sana'arsa, ka roƙi jama'a su yi masa addu'a. Abin da ba na so shi ne irin wanda nake gani yanzu, a ɗauki hoton mamaci a ɗora masa kiɗa, ko yara su taru a ƙasa suna dariyar hularsa.

Na mata kuwa maganar daban ce. Hotunan nan na gwaggonninka da ƙawayensu, sun sha kitso da lalle, wasu ba mayafi, ba don kasuwa aka ɗauke su ba. Na ɗaki ne. Amarya takan sa nata a firam kusa da jerenta, mata 'yan'uwanta su gani, namijin da ba muharrami ba kuwa iyakarsa zaure. Wadda take raye, sai ka je ka durƙusa ka tambaye ta, in da miji shi ma ya sani. In ta ce a'a, magana ta ƙare, kada ka tsaya kawo mata hujja. Wadda ta rasu, 'ya'yanta ke da magana. Kuma a kusan kowane hoto akwai 'yar maƙwabta ko ƙawa wadda ba jininmu ba ce, yanzu kakar wasu ce a wani gida. Ba mu da ikon fitar da ita. Akwai ma guda ɗaya da aka yanke gefensa da almakashi. Wanda ya yanke yana da dalilinsa, aure ne da ya mutu, kuma ba labarin intanet ba ne.

Wannan bai hana ka adana su ba, adanawar ma nake so. Gara da ɗamshi sun cinye na gidaje da yawa, gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 kuma ta nuna yadda abin shekaru ke tafiya a dare ɗaya. Ka kwafe su duka a kwamfuta, kowane gida na zuriyar Malam a ba shi nasa. Katunan gari da na kantuna, in ka samu na asali, ka nuna wa ma'aikatan gidajen tarihi, na Gidan Makama ko na Gidan Ɗan Hausa, sun fi mu sanin yadda ake riƙe su.

Abin gaggawa shi ne sunaye. Gwaggonka babba ce kaɗai ta rage da za ta iya duban fuskokin nan ta ce wannan wance ce 'yar gidan wane, ranar bikin wance aka ɗauka, kuma ka san jikin nata. Ka zo ranar Juma'a bayan an sauko masallaci mu je tare, ka riƙo mata goro da turare. Ka taho da fensir, a rubuta a bayan kowane hoto a hankali. Biro yana huda takarda, tawadarsa kuma tana fitowa ta gaba.

Ka gai da babanka da mutan gidan.

Baffanka.